Neman Bashin Gida Bayan An Yi Jinkirin Biyan Wani Bashi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da wuya a samu ma'aikaci ko ɗan kasuwa, kai har ɗalibi ma, wanda bai taɓa cin bashi ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a yau bashin da aka ci daga banki, ko daga kamfanonin ba da rance ta wayar hannu, yana barin sawu. Ranar da mutum ya tashi neman babban bashi don mallakar gida, wannan sawun za a bi. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda jinkirin biya na kwanan nan yake shafar mai neman bashin gida a Nijeriya, da kuma matakan da zai ɗauka ya gyara sunansa.

Ma'anar Bashin Gida

Jingina ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun da can, manomi kan jinginar da gonarsa ya karɓi kuɗi, idan ya biya a mayar masa da abinsa. Bashin gida na zamani ma haka yake: banki zai ba mutum kuɗin sayen gida ko gina shi, ya riƙe takardun gidan a matsayin jingina, shi kuma ya riƙa biya wata-wata har tsawon shekaru. Idan ya gaza, banki yana da ikon sayar da gidan ya cire kuɗinsa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sai da amincewar gwamnan jiha ake jinginar da filin da yake da takardar mallaka.

Hanyar da ta fi sauƙi ga ma'aikata ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, kuma Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Idan ya yi aƙalla wata shida yana zubawa, yana iya neman bashi a kan ruwan kashi 6 cikin 100, ya biya cikin lokacin da ka iya kaiwa shekara 30. Tun 2023, doka ta mayar da zubin ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Tarihin Bashi da Masu Ajiye Shi

Idan aka ce tarihin bashi, ana nufin rubutaccen bayani na duk rancen da mutum ya karɓa, da nawa ne, da yadda ya biya, da nawa ya rage a kansa. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin ba da lasisi ga kamfanonin tattara irin waɗannan bayanai a 2008, sannan aka yi musu doka ta musamman a 2017. Kamfanoni uku ne suke wannan aiki: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna suna aika musu da bayanan masu cin bashi a kai a kai, kuma ana buƙatar banki ya duba rahoton aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya ba da rance.

Lambar BVN da aka ɓullo da ita a 2014 ta ƙara ɗaure al'amarin, domin ta haɗa duk asusun mutum ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda ya ci bashi a wani banki a Ibadan ba zai je wani banki a Fatakwal ya ce shi sabon shiga ba ne. Bugu da ƙari, tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga sauran asusun wanda ya ƙi biya, ko da a wasu bankuna suke.

Abin da Banki Yake Dubawa

Ba kowane jinkiri ne yake da nauyi iri ɗaya ba. Jami'in banki yakan yi wa rahoton tambayoyi guda huɗu.

Ta farko, yaushe abin ya faru? Jinkirin da aka yi shekara uku da suka wuce, aka kuma ci gaba da biya lafiya, bai kai na watan jiya muni ba. Na kwanan nan yana nuna cewa har yanzu mutum yana cikin matsi.

Ta biyu, kwana nawa aka yi ba a biya ba? A ƙa'idar Babban Banki, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun basussukan da suka tsaya. Wanda ya makara da kwana goma yana da hanzari, amma wanda ya haura kwana 90 sunansa ya riga ya shiga wani rukuni.

Ta uku, sau nawa? Tuntuɓe ɗaya ana iya danganta shi da rashin lafiya ko jinkirin albashi. Idan ya zama wata bayan wata, to hali ne.

Ta huɗu, an biya daga baya, ko har yanzu ana bin sa? Bashin da yake rataye shi ya fi komai toshe hanya, komai ƙanƙantarsa.

Idan banki bai ƙi gaba ɗaya ba, zai iya rage kuɗin da zai bayar, ko ya nemi mai nema ya kawo kaso mai tsoka daga aljihunsa, ko ya ɗora ruwa mai yawa. Mu ɗauki misali: bashin naira miliyan 10 na shekara 20 a kan ruwan kashi 6 cikin 100, biyansa kusan naira 72,000 ne a wata. Idan ruwan ya kai kashi 25 cikin 100, biyan zai kai kusan naira 210,000. Da yake ba a so biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, mai ɗaukar naira 300,000 a wata zai iya ɗaukar na farko, na biyun kuwa ya fi ƙarfinsa.

Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne mutum ya nemi rahotonsa tun kafin ya tunkari banki. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ya karanta shi a tsanake, domin akan yi kuskure: wani ya riga ya biya amma ba a sabunta bayanin ba, wani kuma an ɗora masa bashin da bai san da shi ba. Idan ya ga haka, yana da haƙƙin kai ƙorafi a rubuce a gyara.

Na biyu, idan bashin gaskiya ne, ya biya, ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, ya adana ta. Idan ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya zauna da masu bin sa a sake tsara masa biyan. Guje wa kiran waya ba ya rage ko kwabo.

Na uku, ya yi haƙuri. Biyan bashi ba ya goge tarihin jinkirin nan take, domin ana ajiye bayanan aƙalla shekara shida. Abin da yake rage masa nauyi shi ne watannin da suka biyo baya ana biya a kan lokaci. Wanda ya dakata shekara guda yana tara kuɗin kason da zai bayar, yana kuma kiyaye biyansa, ya fi wanda ya garzaya banki yau aka mayar da shi. Kada kuma a riƙa cika takardun neman rance nan da can, domin duk binciken da aka yi a kan mutum yana fitowa a rahotonsa.

Na huɗu, ya faɗi gaskiya. Idan asarar aiki ce ko jinya ta jawo jinkirin, ya yi bayani, ya haɗa da takardun shaida. Jami'in zai ga abin ko an faɗa ko ba a faɗa ba. A kuma yi hattara da masu cewa za su goge wa mutum tarihinsa idan ya ba su kuɗi, domin bayanin da yake gaskiya ne ba ya goguwa da cin hanci.

Masu ƙyamar kuɗin ruwa suna iya zuwa bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, inda banki yake sayen gidan ya sayar wa mutum da riba ko ya ba shi haya har ya mallaka. Sai dai su ma suna duba wannan rahoton.

Kammalawa

Mun ga cewa jinkirin biya ba ya haramta wa mutum bashin gida har abada, amma yana jinkirta shi, yana kuma ƙara masa tsada. Ga ɗalibi, darasin a fili yake. Naira 20,000 da aka ranta ta waya don sayen littafi ko biyan kuɗin ɗaki, aka share ta, tana iya fitowa bayan shekaru a kan teburin jami'in da zai yanke hukunci a kan gidan miliyoyi. Duk wanda ya san ana bin sa wani abu, ya nemi rahotonsa tun yanzu, ya biya, ya kuma ajiye takardar shaida.