Manga: lauya, mai aski da tukunyar miya a Tokyo

Galibin matasan Maradi da Damagaram sun san zanen Japan ne ta hanyar Dragon Ball da Naruto, wato faɗa da tsafi. Amma manga, littattafan labari cikin zane da masu Faransanci ke kira BD, ba ta yara kaɗai ba ce. Akwai wadda ake yi wa manya, kuma ɗaya daga cikin mafi daɗewa ita ce Kinou Nani Tabeta?, ma'ana “Me ka ci jiya?”. Wata mata, Fumi Yoshinaga, ke zana ta a mujallar Morning tun 2007.

Labarin maza biyu ne masu zaman soyayya a gida ɗaya a Tokyo: Shiro Kakei, lauya, da Kenji Yabuki, mai gyaran gashi. Irin wannan zama bai da karɓuwa a wajen mafi yawan jama'ar Nijar. A Japan ma doka ba ta yarda da auren jinsi ɗaya ba, ko da yake wata kotu a Sapporo ta ce a 2021 hanin ya saɓa wa tsarin mulki.

Abin mamaki, kusan rabin kowane babi a madafa yake ƙarewa. Shiro na barin ofis da ƙarfe shida, ya bi ta kanti yana neman abin da aka rage wa farashi, ya zo ya dafa shinkafa, kifi, miyar miso da ganye. Ana nuna yadda ake yanka albasa, da lokacin rage wuta, har mai karatu zai iya bin girkin. Kuɗin cefanen wata bai wuce yen 25.000 a farkon labarin, kusan jaka ɗari na CFA. A Tokyo wannan tsumulmula ce. Ƙawancensa da maƙwabciyarsa Kayoko ma daga kankana ya fara: ta yi wa kowannensu girma, suka saya suka raba.

A nan marubuciyar ta yi wayo. Rowar Shiro tana da dalili: bai da ɗa, kuma ya san ba wanda zai ɗauki nauyinsa idan ya tsufa, shi ya sa yake tari. A ofis ya ɓoye zamansa da Kenji, alhali Kenji kowa a shagonsa ya sani. Iyayen Shiro na ƙoƙarin fahimta, amma abin na yi musu nauyi. Ga kuma maganar gado: tunda ba aure, a Japan wasu ma'auratan irin wannan kan bi ta hanyar babban ya ɗauki ƙaramin a matsayin ɗan riƙo don doka ta san da su. Duk wannan a bakin tebur ake tattauna shi, ba hayaniya, ba wa'azi.

Mutanen labarin suna tsufa tare da masu karatu. Shiro ya fara yana da shekara 43; daga baya aka ga furfura, rashin lafiyar iyaye, da tsadar kayan abinci da ta tilasta ƙara kuɗin cefane. Littafin ya ci kyautar Kodansha a 2019, shekarar da tashar TV Tokyo ta mai da shi wasan talabijin da Hidetoshi Nishijima da Seiyo Uchino. Fim ya biyo baya a 2021.