Koyon Gitar Bes Da Ɗaukar Sauti A Gida

A shekarar 1951 wani Ba'amurke, Leo Fender, ya fito da gita ta lantarki mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, watau bes. Aikinta shi ne ta bi sawun ganga, ta riƙe wa sauran makaɗa ma'auni. In mai bes ya yi gaggawa ko jinkiri, kiɗa duka ya watse.

Galibin masu koyo da kwaikwayo suke farawa. Mutum yakan sa faifan Motown wanda James Jamerson ya kaɗa, ya yi ta maimaita gaɓa guda har yatsunsa su hardace.

Amma fa mai kaɗawa ba ya jin kuskurensa, domin hankalinsa yana ga yatsu. Saboda haka muke ba shi shawara ya riƙa ɗaukar kiɗansa a gida. A 1979 kamfanin TEAC ya fito da Portastudio mai ɗaukar layi huɗu a kaset. Yau kuwa kwamfuta ta wadatar. Ya ɗauka, ya bari ya kwana, da safe ya gwada da na asali. Nan zai ji inda ya riga ganga, ya koma ya gyara, kamar yadda malami ke duba aikin almajiri.