Magana da Mai Ita: Isnadin Azanci a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, sa'ad da manyan motoci ke jere suna jiran lodin hatsi da bisashe, zai lura cewa da wuya a sami mota guda wadda ba a rubuta wata kalma ta hikima a goshinta ko a bayanta ba, wannan tana horo da haƙuri, waccan tana gargaɗi a kan hassada, wata kuwa tana tuna wa mai kallo cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A zamaninmu irin waɗannan kalmomi sun sauka daga jikin mota sun shiga wayoyin hannu, ana aika su daga gari zuwa gari tun kafin a yi karin kumallo, galibi babu sunan mai su, wani lokaci ma a liƙa musu sunan wanda bai taɓa furta su ba. Wannan al'amari yana damuna ƙwarai, domin maganar da aka raba da mai ita kamar rigar aro ce, tana iya yin kyau a ido, amma ba ta zama daidai a jiki.

Malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan mas'ala. Ma'abota ilmin hadisi ba su karɓar matani, komai daɗinsa, sai sun binciki isnadinsa, wato wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, mene ne halinsa na gaskiya da riƙon amana, har suka kafa fanni sukutum na sanin maruwaita. Ban ce a auna karin magana da ma'aunin hadisi ba, Allah ya tsare, amma ladabin da ke cikin wannan hanya ya cancanci mu ara, mu riƙa tambayar kowace kalma mai ratsa zuciya cewa wace irin rayuwa ce ta haife ta.

Ɗauki maganar nan da ake yawan jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, wadda ma'anarta ita ce zalunci ya fi kafirci saurin rusa mulki. Malaman Musulunci da suka gabace shi da ƙarnuka sun riga sun faɗi makamanciyarta, amma abin da ya sa a ƙasar Hausa ta manne da sunansa shi ne yadda ya rayu a kanta. Wajen shekarar 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla ya raba musu dukiya, Shehu, wanda a lokacin bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a cikin ƙasar Zamfara, ya ga da idonsa abin da jangali da ƙwace suke yi wa manomi da makiyayi. Saboda haka idan yau mutumin Zurmi ko na Shinkafi, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya ambaci wannan magana, ba ado yake yi wa zance ba, yana kafa hujja ne da mutumin da aka miƙa wa zinariya ya zaɓi sauƙin talaka.

Muhammadu Namoda kuwa, jarumin Alibawa wanda garin Kaura ke ɗauke da sunansa, da aiki aka san shi, ba da magana ba. Yana cikin manyan mayaƙan Shehu da suka ci birnin Alƙalawa a 1808, ya kuma rasa ransa a yaƙin Kiyawa a 1810, sunansa kaɗai ya wadatar.

Inda nake so mai karatu ya ɗan zauna tare da ni shi ne wurin Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, domin babu wani mafasahin wannan yanki da kalmominsa suka shiga bakin jama'a kamar nasa, har ta kai mutum yakan kawo ɗiyan waƙarsa a tsakiyar hira yana zaton karin maganar kaka da kakanni ce. An ruwaito cewa laƙabin nasa ya samo asali ne daga wata karya da yake da ita mai suna Rambaɗa. Da kiɗan noma ya fara, yana zuga manoma a bakin kunya, kafin ya rungumi kotso ya koma fada, inda ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu, ya kuma waƙe wasu sarakuna da hakimai da alƙalai na wannan yanki. Wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa siffantawarsa take cike da damina da fari, da doki da linzami, da gulbi da kada, da giwa da ƙananan namun dawa, domin bai ciro su daga takarda ba, a cikinsu ya tashi.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne girman da ya ba sana'arsa. A lokacin da ake kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai, shi ya ɗauki waƙa tamkar karatu, yana tsara ta, yana bitar ta tare da 'yan amshinsa, yana auna kowace kalma kamar yadda alƙali ke auna shaida, ya kuma iya cusa wa basarake nasiha a cikin yabo ta yadda za ta shiga ba tare da ta ƙona ba. Shahararriyar waƙarsa ita ce Bakandamiya, kalmar da a yau Bahaushe ke kiran duk wani aiki da ya fi sauran ayyukan mai shi da ita. Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma faya-fayan da aka ɗauka sun tsare mana muryarsa da tsantsar Zamfarcinsa, kuma Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi guda a kan rayuwarsa da fasaharsa a 2009.

A nan ya kamata in faɗi wani abu da ba kowa ke son ji ba. Daɗin lafazi ba dalili ba ne na ingancin ma'ana. Kassu Zurmi gwani ne a waƙar maza, ta 'yan tauri da mafarauta, kuma kirarinsa yana tayar da tsikar jiki, amma kalmar da aka ƙera domin ta tunzura namiji a fagen tauri tana da muhallinta, idan aka cire ta daga nan aka miƙa wa yaron da bai san inda ta fito ba, tana iya zama wuta a hannunsa. Sanin mai magana da wurin da ya yi ta shi ke nuna wadda za a ɗauka a yi aiki da ita, da wadda za a saurara domin fasaharta kaɗai.

Har yanzu a Tubali da Badarawa da Moriki da Kaura akwai dattawan da suka ga Narambaɗa da idonsu, ko suka ji labarinsa daga bakin waɗanda suka zauna da shi, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Ina roƙon malaman Hausa na makarantunmu, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, da ma'aikatan gidajen rediyon Zamfara, su je wurin waɗannan bayin Allah da na'urar ɗaukar magana da alƙalami, su rubuta kowace kalma tare da sunan mai ita, da garinsu, da dalilin da ya sa ya faɗe ta, tun masu ruwayar suna raye.