Kayan gyaran waya da lissafin buhun taki

Manomin masara a Rogo ba ya zabura don an ce masa taki ya fi araha a Kano. Zama yake ya lissafa kuɗin motarsa zuwa da dawowa, da na 'yan dako, da abin da direba zai karɓa a kan kowane buhu, da yinin da zai bar gona. Sau tari in ya gama, sai ya tarar na dillalin garinsu, mai tsadar nan, shi ne mai sauƙin.

Wannan lissafin ne matasanmu masu gyaran waya da inbata a Karaye da Rogo kan manta idan sun buɗe shafin sayayya na AliExpress. Mutum ya ga bakin caji ko gilashin waya a farashin da bai kai na kasuwar Farm Centre ko ta titin Beirut a Kano ba, jikinsa na rawa ya tura kuɗi. Alhali kuɗin da aka rubuta ƙarƙashin hoto farkon magana ne. Akwai kuɗin aikowa, akwai canjin dala, wadda take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Galibi kuma kayan a birni suke tsayawa, sai an ba direba sautu, shi ma tun da aka cire tallafin mai ba ya ɗaukar ko ƙullin leda kyauta.

Masu sayarwar ma iri-iri ne, kamar dillalan taki. Wani ya karya farashi ya ɓoye ribarsa a kuɗin aikowa. Wani ya ce aikowa kyauta, amma sai an yi makonni ana jira, mai waya kullum yana bakin shago yana tambaya. Takin da ya iso bayan masara ta yi goyo, ko kyauta aka ba ka, asara ce. Manyan kamfanonin Amurka irin su DigiKey da Mouser kayansu na asali ne, sai dai kuɗin kawo ɗan ƙulli ta jirgi yakan fi kuɗin abin da ke cikinsa. Jabu kuwa, wato takin da aka cakuɗa da yashi, ba a gane shi sai an zuba. A Farm Centre kana iya komawa ka riƙe rigar mai shago; mai sayarwar da ke can ƙasar waje a Shenzhen fa, rigar wa za ka riƙe?

Ba cewa nake a daina oda ba. Manoma da kansu sun san mafita: mutum biyar su haɗa kuɗi, su ɗauki mota guda, kuɗin dako ya rabu. Tun Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta yafe haraji a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, wanda ya ishi masu gyara na gari ɗaya su yi oda tare.

Don haka, Malam mai gyara, abin da ake jira yau ka saye shi a Kano. Wanda kake amfani da shi kullum kuma ba ya lalacewa a ajiye, ku haɗu ku yi odarsa da yawa, amma ku fara gwada mai sayarwar da kaɗan tukuna.