Ina Sauran Hasken Rana Yake Tafiya?

Gabatarwa

A watan Janairun 2021 aka lalata turakun da ke kawo wa Maiduguri wutar lantarki daga Damaturu, garin ya shafe watanni cikin duhu. Wannan ya sa jama'a da dama suka rungumi sola. Sai dai farantin sola irin na gidajenmu yana mayar da kimanin kashi 20 cikin ɗari ne kawai na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta. To, ina sauran yake tafiya?

Inda Asarar Take

Da silikon ake yin farantin sola. Idan haske ya doke shi, sai ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa su zabura, kuma gudunsu ta cikin waya shi ne wutar da muke kunnawa. Wani hasken ba shi da ƙarfin tayar da su. Wani kuwa ƙarfinsa ya wuce kima, sai rarar ta zama zafi kafin a ci moriyarta. Tun a 1961 Shockley da Queisser suka lissafa cewa faranti mai shimfiɗa ɗaya ba zai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku ba.

Yadda Ake Leƙawa

Wannan asara tana aukuwa cikin kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Don haka masana suke amfani da hasken leza mai walƙiya a ƙasa da wannan lokaci. Walƙiya ta farko ta tayar da ƙwayoyin, ta biyu ta biyo baya ta auna halin da suke ciki. Ana ta maimaitawa ana sauya tazara, har a haɗa labarin tamkar fim. Irin wannan dabara ce ta ba Ahmed Zewail, ɗan Masar, kyautar Nobel a 1999, ko da yake haɗuwar sinadarai ya nazarta.

A 2004, a Los Alamos ta Amurka, Schaller da Klimov suka gwada ta a kan wasu ƙananan ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani. Suka nuna cewa a cikinsu ƙwayar haske ɗaya mai ƙarfi tana iya tayar da ƙwayoyin lantarki biyu.

Kammalawa

Ashe ba rana ce ta gaza mana ba, kamun ne bai kai ba. In aka iya cafke rarar kafin ta zama zafi, faranti ɗaya zai ƙara kunna fitilu a gidajenmu.