TAYAR ƘASAR SANYI BA TA HANYARMU BA CE

Wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal zuwa Jega ya sha ganin ɓallin roba baƙi a yashe a bakin kwalta. Kowane ɓalli alama ce ta tayar da ta fashe ana cikin gudu. Wani direban Allah ya kiyaye ya tsaya lafiya, wani kuwa motarsa ta ƙwace ta faɗa daji da mutane a ciki. Sau da yawa ba ranar nan haɗarin ya fara ba, ya fara tun ranar da maigida ya tsaya a shagon taya ya zaɓi wadda ba ta dace ba.

Akwai wata irin taya da ke ruɗin masu saye a kasuwanninmu. Zanenta zurfi gare shi, robarta da laushi, kuɗinta kuwa da sauƙi. Mai saye ya shafa ta ya ce ya yi tsintuwa. Ashe tayar dusar ƙanƙara ce, wadda aka yi domin wata ƙasa dabam.

Me ake nufi da tayar sanyi?

A arewacin Turai da Kanada sanyi yakan yi tsanani har ruwa ya daskare bisa hanya. Roba kuwa in ta sha sanyi takan ƙandare, ta kasa kama ƙasa. Domin haka a 1934 wani kamfani a ƙasar Finlan, wanda yau ake kira Nokian, ya ƙera taya musamman domin lokacin ƙanƙara. Ana haɗa robarta yadda za ta zauna da laushi ko cikin matsanancin sanyi, ana kuma yi mata ƙananan tsage-tsage masu yawa, wata ma har da ƙusoshi. Aikinta yana kyau ne sa'ad da sanyi ya kai digiri 7 ko ƙasa da haka. A wurare kamar Jamus da lardin Kwibek na Kanada, doka ce ta sa a yi amfani da ita lokacin ƙanƙara. Da bazararsu ta shigo sai su kwance ta, su mayar da ta zafi. In ta tsufa su yar, daga nan wadansu 'yan kasuwa su kwaso zuwa Afirka ta Yamma.

To, ina wannan ina ƙasar Tambuwal? Ko a tsakiyar hunturu, sa'ad da ake jin wuta da asuba, da wuya sanyinmu ya kai wancan matsayi, kafin azahar kuma rana ta buɗe. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa. Robar da aka yi da laushi domin ƙanƙara, in ta hau kwalta mai zafi sai ta ƙara laushi. Takan suɗe da wuri, mota ta riƙa lilo a kwana, in an taka birki kuma ta yi nisa kafin ta tsaya. Haɗa wannan da tsufa, da lodin buhunan gero, da gudu, ka ga abin da ke kawo fashewa.

Yaya aka yi suka cika kasuwa?

A dā ana yin taya a ƙasar nan. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja. Michelin ya rufe tasa a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008. Tun daga nan sai daga waje ake kawowa, sabuwa ta yi tsada, mutane suka koma ga 'yar gwanjo, wadda ake kira tokumbo ko 'yar Beljiyam. Gwamnati ta hana shigo da tsofaffin tayoyi, duk da haka ana satar hanya da su. Wadansu kuma a jikin motocin da ake sayowa daga Kwatano suke zuwa. Saboda haka wanda ya sayi motar gwanjo ma ya duba ƙafafunta kafin ya ɗauki iyalinsa.

Karanta jikin taya

Kowace taya tana ɗauke da labarinta a rubuce a gefenta. Ba sai mai ilmi mai zurfi ba, ɗan firamare ma ya iya karanta wa babansa. Ga abubuwa huɗu da za ka nema.

Na fari, alamar sanyi. In ka ga hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa, an yi tayar nan da ƙanƙara a zuciya. Haka kuma in an rubuta Winter, ko Snow, ko Ice, ko ka ga ƙananan ramuka inda ƙusoshi suka fita. Ka ajiye ta, kome kyanta. Harufan M+S su kaɗai ba su isa shaida ba, gama ana sa su a wadansu tayoyin da ake amfani da su duk shekara.

Na biyu, ranar haihuwa. Nemi harufan DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 1519 yana nufin mako na 15 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana da zafi kuwa suna gaggauta tsufan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4. Manyan kamfanonin taya kuma sun ce wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai taɓu ba. In ka ga an kankare lambar ko an shafe ta, ka san akwai abin da ake ɓoyewa.

Na uku, girma da ƙarfi. Za ka ga rubutu kamar 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne da milimita, 15 girman wili ne da inci. Lamba 91 kuwa nauyin da za ta iya ɗauka ne, wato kilo 615 kowace ƙafa, nauyin motar kanta yana ciki. Abin da ya dace da motarka yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Kada ka sa wadda ƙarfinta ya gaza wannan.

Na huɗu, jimirin zafi. A jikin tayoyi da yawa akwai kalmar Temperature, da harafin A, ko B, ko C a gabanta. A ta fi jimre zafi, C ce ta ƙarshe. A ƙasa irin tamu, nemi A, in ba ta samu ba B.

Namu lokacin wahala damina ce

Abin da ƙanƙara take ga Bature, shi damina take gare mu. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, ruwa yakan kwanta bisa kwalta. Aikin zanen taya shi ne ya kore ruwan nan gefe domin roba ta taɓa ƙasa. In zane ya suɗe, sai taya ta hau kan ruwa tana sulɓi, sitiyari ya zama banza, birki ma haka. Cikin ramin zanen akwai wadansu 'yan tudu da aka sa domin awo, tsawonsu milimita 1.6. Ran da zane ya zo daidai da su, taya ta gama aiki. Mai hankali ba ya jira ta kai can kafin ruwa ya sauka, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu shiga ƙauyukan wajen Kebbe, inda hanya burji ce da yashi da taɓo, sukan yi sha'awar tayar sanyi saboda manyan zanenta. Amma abin da hanyar daji take bukata shi ne taya mai ƙarfin gefe, wadda kututture da dutse ba za su yaga ba. Ga shi kuma kome daɗewa sai an fito kan kwalta.

In kuɗi bai isa huɗu ba

Ba kowane maigida ne zai iya sayen sababbi huɗu rana ɗaya ba. Sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, ka sa su a baya. Mutane da yawa suna sa sababbi a gaba, amma masu ƙera taya sun ce baya ya fi, domin in bayan mota ya zame cikin ruwa, da wuya direba ya iya komo da ita. Kada ka haɗa tayar sanyi da ta zafi a mota ɗaya. Wadda ta kumbura a gefe, ko ta tsattsage, ko waya ta fito, mai faci ba shi da maganinta.

Sabuwar taya ma tana son kulawa. A auna iska da geji da safe kafin a yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Wadansu direbobi sukan rage iska da bazara wai kada ta fashe, alhali ƙarancin iska shi ke sa gefen taya ya riƙa lanƙwasa, ya yi zafi, ya fashe.

Uwargida, ke ma da naki a ciki, tun da ke da yara ne a kujerar baya. In maigida ya kawo shawarar sayen 'yar gwanjo domin a rage kashe kuɗi, ku zauna ku yi lissafi tare: wadda za a sake cikin wata shida, da wadda za ta yi shekaru, wace ce mai araha? Kafin damina ta bana ta kankama, ku fita da yaro mai karatu, ku zaga motar, ku karanta ƙafafunta huɗu da ta ajiya.