Tsibirin Macizai na Ƙasar Birazil

Tsibirin Queimada Grande yana cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 33 daga gaɓar jihar Sao Paulo ta ƙasar Birazil. Faɗinsa hekta 43 ne kacal, ƙololuwarsa kuwa ta kai mita 206 daga saman ruwa. Gefensa duwatsu ne masu gangare, cikinsa kurmi da ciyayi. Sunan nasa a harshen Fotugal yana nufin babbar ƙuna, domin an taɓa cinna wa dajin wuta da niyyar shuka ayaba. Babu mai zama a cikinsa, kuma hukuma ta hana shiga sai ga sojojin ruwa da masu bincike da suka sami izini.

Abin da ya fito da sunan tsibirin shi ne wani maciji mai ruwan zinariya, ɗan dangin kasa da kububuwa, wanda ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai nan. Masana sun bayyana cewa kimanin shekara 11,000 da suka wuce tsibirin haɗe yake da babban yanki, sai ruwan teku ya ƙaru ya yanke shi. Macizan da aka ritsa da su ba su tarar da ɓera ko makamancinsa ba, don haka suka koma hawa bishiya suna kama tsuntsaye masu ƙaura da ke yada zango a wurin. An ƙiyasta yawansu tsakanin 2,000 da 4,000, suna kuma cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Mutanen gaɓar teku kuwa suna da nasu bayanin. Wata almara ta ce 'yan fashin teku ne suka binne zinariya, suka zuba macizai don su yi gadinta. Wata kuma ta shafi hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina a 1909. An ce wani dare macizai suka shigo wa mai tsaronta ta taga, ya fita da iyalinsa a guje, na kan rassa suka sare su kafin su kai ga kwalekwale. Babu wata shaida a rubuce da ta tabbatar da wannan. Haka nan zancen da ake yayatawa cewa duk taku ɗaya akwai maciji, ƙarin gishiri ne irin na mai ba da labari. Abin lura shi ne almarar zinariya ta ɗauki tambayar da masana suka ɗauka, wato yadda macizai suka zo tsakiyar teku, sai dai ta ɗora amsar a kan kwaɗayin ɗan Adam.